Furannin Jos sun mutu a bakin tekun Legas: me ya kamata a shuka a can?

Wata Hajiya da ke zaune a Rayfield, nan Jos, ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta ya gina gida a Legas, can wajen Lekki ta hanyar Epe, kuma daga ƙofar gidan zuwa bakin teku bai fi tafiyar minti 5 a ƙafa ba. A gaban gidan, ta ɓangaren da ke kallon ruwa, an bar fangalin fure mai tsawon kamar mita 6 da faɗin mita 1 da rabi. Rana na dukansa tun safe har la'asar, iska kuma ba ta hutawa. Sau biyu tana tumɓuko wardi da daliya daga lambunta ta kai can, duk gefen ganyensu ya ƙone, cikin 'yan makonni suka mutu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ai Jos ma garin iska ne da rana, to me ya sa furen da ya jure hunturun Filato ya kasa jure iskar Legas, kuma me za ta shuka a karo na uku?

Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki zargi hannunki, kada kuma ki zargi yaron da ke ba su ruwa. Suna ɗaya iskar nan biyu suka haɗa, halinsu ya sha bamban. Tamu ta hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, daga hamada, busasshiya ce mai ƙura, wata uku zuwa huɗu take yi ta tafi. Kuma tana zuwa ne da sanyi. Jos na kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga doron teku, dare a watan Disamba da Janairu kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Wannan sanyin daren shi ne sirrin wardinki, shi ne kuma ya sa ake noman dankalin Turawa da sitiroberi da kabeji a Filato. Duk wahalar da tsiro ya sha da rana, dare yana ba shi hutu. A Legas kuwa da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Iskar can daga kudu maso yamma take busowa kusan duk shekara, daga saman Tekun Atlantika, jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, kuma tana ɗauke da kayan da tamu ba ta da shi: gishiri.

A kan gishirin nan zan ɗan daɗe, don shi ne tushen maganar. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, wato kamar cokalin cin abinci biyu. Duk igiyar ruwan da ta faso ta daki gaɓa tana watsa feshi mai laushi kamar hayaƙi, iska ta ɗauke shi ta shigo da shi gari. Ya sauka a kan ganye, rana ta ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna. Gobe a ƙara, jibi a ƙara. Ke da kanki kin san aikin gishiri a kicin. Ki yanka gurji ko albasa ki barbaɗa masa, kafin ki juya ruwa ya tsatso, yankan ya yi laushi. Abin da ke samun ganyen wardi ke nan, sai dai a hankali. Yana farawa daga baki da gefe, ya yi ruwan ƙasa kamar an gifta shi a kan wuta, kuma ɓangaren da ke fuskantar teku ne ke fara lalacewa. Toho ya fi shan wuya, don fatarsa ba ta yi ƙwari ba. Sannan gishirin da ya wanku ya shiga ƙasa yana hana saiwa jan ruwa, sai ki ga tsiro ya yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Mai gida ya ga yaushi ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, takin zamani kuwa shi ma dangin gishiri ne. An ƙara wa Borno dawaki.

Ni ma ta haka na koya, ba a aji ba. Shekarun baya wani bawan Allah da nake kula masa da lambu a nan ya ɗauke ni in je in tsara masa na gidansa na Legas. Na cika bayan mota da dashen da nake alfahari da su, na rufe da jiƙaƙƙen buhu, muka sha tafiyar wajen kilomita 1,000. Na dasa, na yi musu taki, na dawo gida ina jin na gama aiki. Bayan wata ɗaya aka kira ni. Da na isa, abin da na tarar sanduna ne tsaye da 'yan ganyaye masu ƙamas-ƙamas. Washegari da asuba na fito zan yi alwala a waje, na dafa gilashin motar mai gidan, sai na ji hannuna ya yi danƙo. Na lasa ɗan yatsana, gishiri ne zalla. Daga nan na taka zuwa bakin ruwa, na tsaya ina kallon wani tsiro mai yaɗo da ya shimfiɗu a kan yashi, kore shar da furanni ruwan hoda, feshin teku na dukansa kai tsaye, ba mai ba shi ruwa, ba mai yi masa taki. Na tsugunna na ciro ganye ɗaya. Kauri gare shi kamar fata, santsi kamar an shafa masa kakin zuma, bakinsa a tsage kamar kofaton akuya. Tun daga ranar, in zan zaɓi tsiron da zai zauna a gaban iska, ganye nake fara dubawa, fure daga baya.

Kafin ki kashe ko kobo, ki sa ɗanki ya auna ƙarfin gishirin gidan, don gida biyu a layi ɗaya ma kan bambanta in akwai dogon gini tsakanin ɗayansu da ruwa. Ba sai da na'ura ba. Ya duba ƙyauren ƙarfe da kwaɗo da bayan na'urar sanyaya ɗaki. In tsatsa ta ci su alhali gidan sabo ne, amsar ta fito. Ya goge gilashin tagar da ke kallon teku da yamma, ya shafa da safe. Ya kuma dubi itatuwan unguwa: in sun karkata gefe guda, rassan ɓangaren ruwa sun gajarce kamar an yi musu aski, to wurin layin gaba ne, wato inda feshin teku ke fara sauka. Sannan ya zaga gidajen maƙwabta da suka fi shi kusa da ruwa ya ɗauko hoton duk abin da ya gani yana raye da lafiyarsa. Wannan zagayen na rabin sa'a ya fi dogon jerin sunayen da za ki samu a intanet amfani. Yawancin jerin nan an rubuta su ne don gaɓar Ingila mai sanyi, ko gaɓar Bahar Rum da Kalifoniya inda bazara take a bushe. Shi ya sa za ki ga suna ta yabon labanda da rozmari, tsirrai masu ƙamshin ganye. Gaskiya ne suna jure gishiri da iska, amma damshin Legas da ruwan watan Yuni suna ruɓar da su daga gindi. A Jos za su fi yi miki kyau nesa ba kusa ba.

Ganyen da ke jure bakin teku iri huɗu ne a idona. Akwai mai kauri da sheƙi, wanda gishiri ba ya huda shi, ruwan sama kuma na wanke shi cikin sauƙi. Akwai mai tsoka da ke ajiye ruwa a cikinsa. Akwai mai toka-toka ko gashi-gashi, irin na tumfafiya, wanda ke tare feshin kafin ya taɓa fata. Sai siriri kamar allura ko zare, wanda iska ke ratsawa ta wuce. Abin gudu shi ne ganye mai faɗi, sakayau, mai laushi. Ayaba iska za ta tsattsage ta kamar tsumma, gwaza da danginsa na ado za su ƙone, gwanda kuma karyewa take yi. In kin shiga wurin masu sayar da dashe, ki murza ganye tsakanin yatsu biyu. In ya yi laushi kamar alayyafo, ki ajiye shi komai kyan furensa.

To mu zo kan sunaye. Zan fara da waɗanda kika riga kika sani, don mutanenmu kan raina su.

Moda, mai ganye tsaye kamar takobi da zane-zane, wadda kakanninmu ke cire zarenta su yi tsirkiyar baka, tana daga cikin mafi taurin kai. Ba ta karyewa a iska, gishiri bai dame ta ba, rana mai tsanani kan ɗan kodar da launinta amma ba ta kashe ta. Alobera haka take, matuƙar ruwa bai kwanta mata a gindi ba. Sai kariya, mai kumburarren gindi, wadda ke fure ja da fari da rani lokacin da komai ya bushe. Attajiran Legas na sayenta da tsada a tukunya suna kiranta furen hamada, alhali a arewa a bakin shinge take tsirowa. Rana da iska abincinta ne, maƙiyinta ɗaya ruwa mai yawa, don haka a Legas sai a kan tudun yashi da tsakuwa, ko a tukunyar da aka huda da kyau. Ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye ido da baki.

Lalle shi ne wanda na fi so in ga kin shuka, kuma na san za ki yi mamaki. Yana jure rana, yana jure gishiri daidai gwargwado, ana aske shi ya zama shinge mai cika, ganyensa ƙanana ne iska ba ta yaga su. Furensa fari ƙanana ne ba ya ɗaukar ido, amma in ya buɗe da yamma ƙamshinsa na cika tsakar gida. Ga kuma amfanin ganyen ga surukarki. In gidan layin gaba ne sosai, saman shingen zai riƙa ƙonewa a watannin iska, a aske ya sake toho. Albasar kwaɗi da 'yar'uwarta mai farin fure mai siraran yatsu kamar gizo-gizo, wadda masana ke kira Hymenocallis littoralis, su ma suna jin daɗin gaɓa. Kalmar ƙarshen sunan nan ma da Latin "na bakin teku" take nufi. Ganyenta dogo ne mai kauri, tana son yashi, tana kuma jure jiƙewar damina, abin da kariya ba za ta iya ba. Albasar tata ba ta ci ba ce, a faɗa wa yara.

A cikin baƙi, bogenbiliya ce sarauniya, furen nan mai kama da takarda da ke lulluɓe katangun Abuja da Jos. Asalinta Kudancin Amurka. Launin da kike gani ma ba shi ne furen ba, wani ganye ne da ya rine, furen gaskiya ɗan fari ne a tsakiya. Halinta ɗaya da ya kamata ki sani: in an shagwaɓa ta da ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure, in ta ɗan sha ƙishirwa sai ta fashe da launi. A fangali mai faɗin mita 1 da rabi gajeriyar iri za ki nema, in ba haka ba cikin shekara biyu ta cinye wurin ta tare hanya da ƙaya. Firanjifani, mai rassa masu kauri da fure fari da ruwan ɗorawa a tsakiya, yana jure gaɓa kuma yana da ƙamshi, amma itace ne, guda ɗaya a kusurwa ya isa. Don cike gaba kuma ba abin da ya kai ɗan furen nan na Madagaska mai kunnuwa biyar, fari ko ruwan hoda, wanda ke tsirowa ko a tsagar siminti. Masana na kiransa Catharanthus roseus, kuma daga jikinsa aka samo wasu magungunan sankarar jini, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba na tafasawa a sha ba. Yana fure duk shekara, yana zubar da iri ya maye gurbin kansa. Sai furen ƙarfe goma, ɗan'uwan fasa-ƙabba, mai ganyen tsoka da ke buɗewa in rana ta ɗaga. Shi ne tabarmar da za ki shimfiɗa a bakin fangalin.

Akwai guda ɗaya da kowane mai sayar da dashe zai tura miki, wato oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ja ko fari ko hoda. Ta fuskar juriya ba ta da na biyu, ko a gaban igiyar ruwa za ta tsaya. Amma ganyenta da furenta da itacenta duk dafi ne mai taɓa zuciya, har hayaƙinta in an ƙona. Ba ki faɗa mini ko akwai jikoki a gidan ba. In akwai, ko ana ɗaure ragon layya a tsakar gida, ni dai ba zan shuka ta ba, kuma ban ga kyan da zai sa in canza ra'ayi ba. Kariya ma dafi ce, sai dai ita ana iya ɗora tukunyarta inda hannun yaro ba ya kai.

Shi kuwa tsiron da ya buɗe mini ido a bakin ruwa, ɗan'uwan duman rafi ne da muke gani a fadamu, sunansa Ipomoea pes-caprae, ma'ana ƙafar akuya. Irinsa na yawo a kan ruwan teku daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ya sa ake samunsa a kusan duk gaɓar ƙasashe masu zafi. Yana riƙe yashi sosai, amma yaɗonsa na tafiyar mita da yawa, zai hau kan komai. A wajen katanga ya dace, inda yashi ke tashi, ba cikin ɗan fangali ba. Haka kwakwa da kasuwarina, dogon itacen nan mai ganye kamar gashin wutsiyar doki da ke fito in iska ta ratsa shi. Su ne garkuwar gaɓar Legas daga Badagry har Lekki, amma saiwarsu za ta shanye fangalin, kasuwarina kuma na zubar da ganyen da ke hana komai tsirowa a ƙarƙashinta. In akwai fili a nesa da gini, a sa su can.

Duk da haka, ko tsiro mai taurin kai yana son a rage masa iskar a shekarar farko. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ɗaga katangar bulo su ce sun tare iska. Iska ba ta tsayawa. Tana hawa katangar ta faɗo ta baya tana juyawa kamar guguwa, ta fi yi wa abin da ke gindin katangar ɓarna. Abin da ke aiki shi ne shingen da ke tace ta, wanda kamar rabinsa a buɗe yake: asabari, zana mai sako-sako, tsagin gora da aka jera da tazara, ko saƙar ganyen kwakwa da ake samu a can cikin sauƙi. Irin wannan shingen na sassauta iska zuwa nisan da ya ninka tsayinsa sau 5 zuwa 10, wato na mita 1 da ɗan kai ya wadatar da fangalinki har da saura. A kafa shi ta kudu da kudu maso yamma. Kada inuwarsa ta dame ki, Legas na kusa da tsakiyar duniya, rana a saman kai take wucewa. Turakun su zama na itace ko gora, a ɗaure da igiyar roba, don waya da ƙusa tsatsa za ta cinye su kafin damina ta biyu. Kafin asabarin ya ruɓe, lallen ya taso ya karɓi aikin. In kina son shinge mai rai da ya fi sauri, jema ma tana yi, ciyawar nan mai saiwar ƙamshi. Saiwarta ƙasa take nutsawa tsaye, ba ta bazuwa ta yi wa maƙwabtanta kutse.

Ƙasar ma sai an gyara. Yawancin filayen wannan yankin yashi ne, wasu ma cikon yashi ne da aka yaso daga ruwa, ga ɓaraguzan siminti da magina ke binnewa a gaban gida. A fara tone su a fitar. Yashi ba ya riƙe ruwa ko taki, amma yana da alheri ɗaya: gishiri ma ba ya daɗewa a cikinsa, ruwan sama na wanke shi ya wuce ƙasa. Saboda haka kada a kwashe shi duka a zuba jar laka. Ni kan haɗa kashi biyu na yashin wurin, kashi ɗaya baƙar ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya huce har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji a bar shi, ƙonawa yake. Kuma a ɗaga fangalin sama da ƙasa kamar santimita 30 zuwa 40, a kewaye shi da bulo a bar ƙofofin fitar ruwa. Wannan ba ado ba ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Lekki kusa yake, a watan Yuni da Yuli unguwanni kan cika da ruwa, tsiron da ya jure gishiri wata goma yana iya ruɓewa a kwana uku in saiwarsa ta nutse. A saman ƙasar a shimfiɗa abu mai nauyi, kaurin yatsu uku: ɓawon kwakwa da aka daddatse a jiƙa a wanke, ko tsakuwa a gindin kariya da alobera. Ɓuntun shinkafa da dusar katako da muke amfani da su a nan, a can iska za ta kai wa maƙwabta.

Ruwan ban-ruwa shi ma a ɗanɗana shi. Wasu rijiyoyin burtsatse na kusa da gaɓa suna da ɗan gishiri. In an ji ɗanɗanonsa a harshe, to a tari ruwan sama a tanki, ko a riƙa zubawa a gindi kawai ba tare da jiƙa ganye ba. In ruwan mai daɗi ne, ga wata dabara mai arha da ta fi taki amfani: duk lokacin da aka yi kwana biyu ko uku ana iska mai ƙarfi ba ruwan sama, a fesa wa ganyen ruwa da sassafe a wanke gishirin, sama da ƙasan ganye. Ban-ruwa kuma ya zama mai zurfi, ba yayyafin kullum ba, don ruwa mai zurfi na tura gishiri ƙasa da saiwa, yayyafi kuwa tara shi yake a sama. Takin zamani kaɗan-kaɗan, kuma cikin damina.

Lokacin dashe shi ne farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, don saiwa ta kama kafin iskar Yuli da Agusta ta ƙarfafa. Ki sayi ƙananan dashe, waɗanda ba su wuce gwiwa ba. Na san ido babba yake so, mai gida na son ya ga lambu ya cika ranar da aka dasa. Amma babban dashe kamar laima yake a hannun iska, tana girgiza shi tana tsinka sababbin saiwoyi kafin su kama, ƙarami kuwa yana tasowa ne da sanin wurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ki saya a can Legas, wurin masu dashe na bakin titi, ki zaɓi waɗanda ke tsaye a fili cikin rana, ba na ƙarƙashin raga ba. In kin dace da mutanenmu na arewa a cikin masu aikin nan, za ku fahimci juna. Ki tambaye su wanne suke kai wa gidajen bakin ruwa ba a dawo musu da ƙorafi ba.

In da ni ne da fangalin nan, iri biyar zan tsaya a kai, don a wuri mai wahala tarin iri ɗaya ya fi ɗaiɗaikun iri ashirin kyau, kuma suna kare juna. Layin da ke kallon teku lalle ne, tazarar santimita 50 zuwa 60, asabari a tsakaninsa da teku. A tsakiya tarin moda da albasar kwaɗi mai farin fure, a sassaɓa su. Gajeriyar bogenbiliya ɗaya a kowane ƙarshe. Ta gefen gida kuma, inda ido ke fara sauka, furen Madagaska ya cike. Kariya biyu a tukwane a bakin ƙofa, inda rufi zai kare su daga ruwan Yuni.

Wardin fa? Na san shi ne a ranki. In ba za ki haƙura ba, a sa shi a tukunya ta bayan gida, ɓangaren arewa ko gabas, inda ginin ya tare feshi kuma yana samun hantsi. Zai rayu, amma furen zai yi ƙanƙanta, damshi kuma zai kawo masa baƙin tabo a ganye, sai an riƙa yi masa feshin magani. Daliya kam a bar ta a Rayfield. Kayan miya ma bayan gida ne wurinsu. Sitiroberi da karas da albasa da koren waken Turawa suna daga cikin waɗanda gishiri ya fi saurin yi wa illa, haka fiya da lemo da mangwaro a cikin itatuwa, don haka kada a sha wahalar ɗauko su daga nan.

Abin da ya cancanci shiga mota daga Jos kaɗan ne: 'ya'yan moda da alobera da kika ɓantaro daga gindin uwa, rassan lalle masu kaurin fensir, da reshen kariya ko firanjifani. Na lalle a naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma a dasa da zarar an isa. Na kariya da firanjifani kuwa akasin haka ne. Ki yanke su kwana 4 ko 5 kafin tafiya, ki jingine a inuwa har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sannan ki naɗe a tsohuwar jarida. Kada ki sa su a leda, zufa za su yi su fara ruɓewa tun kafin ku wuce Lokoja.